Me za mu kira Kabinenroller da Hausa?

Jama'a, ina rubutu kan yadda masana'antar babura ta Jamus ta Yamma ta durƙushe bayan yaƙin duniya na biyu, sai wannan kalma ta tsaya mini a wuya. Kabinenroller wani abin hawa ne mai ƙafa uku da kamfanin Messerschmitt ya fara fitarwa a 1953, lokacin da aka hana shi ƙera jiragen sama. Mutum biyu yake ɗauka, ɗaya a bayan ɗaya kamar goyo a kan babur. Kansa ma irin na babur ne, murfinsa kuma ɗaga shi ake yi gefe a shiga.

Labarin ba ya tafiya sai da shi. A 1955 NSU ta garin Neckarsulm ce ta fi kowane kamfani a duniya ƙera babura. A shekarar nan kuma BMW ta ɗora injin babur ɗinta a Isetta, wata 'yar mota mai ƙofa a goshi, Goggomobil, wata 'yar motar, ita ma ta fito. Albashi ya ƙaru, ma'aikaci ya gaji da shan ruwan sama da ɗari a hanyar aiki. Da ya samu abin da zai rufe kansa da matarsa, sai ya jingine babur. Kafin 1960 Adler ta daina ƙera babura, Horex na dab da bin sahu, ita kanta NSU ta karkata ga motoci. Yawancin waɗanda suka rage, baburan Japan suka ƙarasa su: Kreidler ta karye a 1982, Zündapp a 1984, aka kwashe injinanta zuwa Tianjin a Sin.

To, sunan fa? Wani ya ce adaidaita sahu. Ban yarda ba, wannan ta haya ce, waccan kuwa ta magidanci ce. An ce 'yar ƙurƙura, amma kowa a Kano ya san kaya take ɗauka. "Ƙaramar mota" ta yi faɗi da yawa, har Volkswagen za ta shige ciki, alhali ita ce ta zo ta kashe kasuwar waɗannan ɗin.

Ni dai na tsaya a kan "babur mai rumfa". Inji na babur ne, zama na babur, rumfar ce kawai aka ƙara, kuma ita mutane suka biya kuɗi suka saya. Isetta, mai sitiyari da zama kafaɗa da kafaɗa, ba ta shiga wannan suna ba. 'Yan uwa na Damagaram da Maraɗi, ku da kuke cewa moto, ya ya faɗo a kunnenku?