Wai "duk abin da ya yi aiki gaskiya ne"? Tambaya kan falsafar Faragmatizim

Ɗan Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum malamai. A darasin falsafar ilimi na ɗaliban NCE akwai babin Faragmatizim, amma abin da ke cikin takardar bai wuce layi uku ba: daga Amurka ta fito, John Dewey ne jagoranta, kuma ma'anarta "duk abin da ya yi aiki shi ne gaskiya". Wannan na ƙarshen ne ya ƙi kwanta mani. Ɗan kasuwar da ya cuɗa gero da tsakuwa ya ci riba, ai abin ya yi mashi aiki. Sai a ce gaskiya ya yi? Su wa suka fara ta, kuma me suka faɗa da bakinsu? Sannan me za ta tsinana wa malamin firamare a Batagarawa ko manomi a Sandamu?

Malam Bakatsine:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, wanda ya kafa falsafar ma, wato Peirce, layin nan bai kwanta mashi ba.

Tushenta wani zauren muhawara ne a garin Kambirij na jihar Masacuset, wajen 1872. Cikin masu zama akwai Charles Sanders Peirce, da William James, da Oliver Wendell Holmes wanda daga baya ya zama alƙali a Kotun Ƙolin Amurka. Peirce ma'aikacin hukumar awon gaɓar teku ne, kullum yana fama da awo da lissafin kuskuren awo, kuma wannan ya bi shi har cikin falsafarshi. Sun riƙe wata magana ta Alexander Bain, mutumin Sikotilan, cewa abin da ka gaskata shi ne abin da kake shirye ka yi aiki a kanshi. Wanda ya ce damina ta zauna amma ya ƙi fito da iri, bai yarda ta zauna ba.

A 1877 da 1878 Peirce ya buga maƙala biyu a mujallar Popular Science Monthly. Ta farko ta kawo hanya huɗu da mutum ke tsayar da ra'ayi: ya toshe kunne ya kafe, ko ya bi na gaba da shi, ko ya bi abin da ya yi wa hankalinshi daɗi, ko ya bi bincike, inda abin da ke waje, wanda babu ruwanshi da son ran kowa, ke yanke hukunci. Ta huɗun ce kaɗai ke iya gano kuskurenta ta gyara. Maƙala ta biyu ta kawo ƙa'idar kanta: in kana son sanin ma'anar magana, lissafa abin da za a gani a aikace in maganar ta tabbata. Misalin da ya bayar na daimon ne, a ce yana da tauri na nufin abubuwa da yawa ba za su iya kartar shi ba. Gaskiya kuwa a wurinshi ita ce matsayar da duk masu bincike za su haɗu a kanta in an bi binciken har ƙarshe.

To ɗora mai tsakuwarka a kan wannan. Maganar da ya yi ita ce "geron nan tsantsa ne". Me za a gani in haka ne? In an rairaye shi ba za a ga komai a gindin ƙwarya ba. Uwargida ta rairaya sau ɗaya, magana ta ƙare. Yaudarar ce ta yi mashi aiki, maganar kuwa ta faɗi tun gwajin farko.

James ne ya fitar da sunan ga jama'a a wata lacca a Kalifoniya a 1898, sannan littafinshi na 1907. Mutum ne mai daɗin baki, yana aron kalmomin kasuwa, yana tambayar nawa ra'ayi zai yi in an mai da shi tsabar kuɗi. Ta nan Bertrand Russell na Ingila ya samu kafar sukarshi, ya ce abu na iya amfanar mutum alhali ƙarya ne. Peirce kuwa tun 1905 ya sake wa tashi suna zuwa Faragmatisizim, ya ce sunan ya yi munin da ba mai sace shi.

Malama Badauriya:

Malam ya gama da tarihi, bari in ɗauki ɓangaren aji. Dewey ya buɗe makarantar gwaji a Jami'ar Shikago a 1896, inda yara ke koyon lissafi da kimiyya ta hanyar girki, saƙa, kafinta da lambu. A 1910 ya zayyana matakai biyar na tunani, kuma malamin firamare zai iya aiki da su gobe da safe.

Abin na farawa da damuwa: 'yan aji uku ba su iya karatu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsallaka daga nan zuwa magani. Mataki na biyu, a gano inda ciwon yake. Kira yaro ɗaya-ɗaya, ba shi baƙaƙe goma, gaɓoɓi goma irin su ba, ki, mu, da kalmomi goma, ka rubuta inda ya tsaya. Minti biyu ya ishi kowane yaro. Na uku, kawo zato fiye da ɗaya: haɗa gaɓa ne ba su iya ba, ko na baya ba su hango allo, ko fashin ranar kasuwa ne. Na huɗu, kowane zato ka tambaye shi abin da ya kamata a gani. In fashi ne, rajista za ta nuna. In allo ne, na layin gaba za su fi na baya. Na biyar shi ne gwaji: canza abu ɗaya tak, misali minti 20 kullum na haɗa gaɓa har mako shida, sannan ka sake awo.

Wurin sake awon ake yawan ɓata aiki. In ka maimaita kalmomin farko, hadda ka auna. In yaran da suka fi rauni ba su zo ranar ba kuma ba ka neme su ba, sakamako zai yi kyau na ƙarya. Sannan kada ka yarda da masu cewa Dewey ya ce a saki yara su yi abin da suka ga dama. A 1938 ya rubuta ɗan littafi yana gyara wa mabiyanshi wannan fahimtar.

Malamin Gona:

Ɗan'uwa, ga na manomi. A 1884 Peirce da ɗalibinshi Joseph Jastrow sun yi gwajin jin bambancin nauyi, suka riƙa cuɗa katin karta don shi ya zaɓi abin da za a gwada, kada son zuciya ya shiga. Haka ake gwajin iri.

A ce ana gardama tsakanin sabon irin geron nan SOSAT da geron gida. Fara da tsiro: ƙwaya 100 daga kowanne a cikin jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa, a ƙirga bayan kwana bakwai. Sai a yanka fili takwas, taku goma-goma, a jefa ƙuri'a, huɗu na wannan huɗu na wancan. Ba don ƙuri'a ba, hannu da kanshi zai kai sabon iri ƙarƙashin gawo ko makwancin shanu, inda kowane iri zai yi kyau. Shuka rana ɗaya, taki ɗaya, noma ɗaya. In an zo girbi a bar layin gefe, a sussuke na kowane fili daban, a shanya ya bushe sosai, a auna da tiya ɗaya a shafe.

Tun kafin shuka a yanke abin da ake nufi da "ya yi". Yawan tsaba ne kawai? Karan fa, na danni da na dabbobi? Mata sun ce me game da furarshi? Zai kai bazara a rumbu? Iri mai saurin nuna kuma in kai kaɗai ka shuka shi a yankin, tsuntsaye a kanka za su taru. Damina ɗaya ba ta isa hukunci, don shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri da wadda ya kai ƙarshe ba iri ɗaya suke fifitawa ba.

Ɗan Ƙofar Marusa:

Allah ya ƙara sani. Saura biyu: har yanzu akwai masu riƙe da ita? Kuma ina matsayinta da addini?

Malam Bakatsine:

Akwai su. Daga shekarun 1930 ta ja baya a jami'o'in Amurka, lokacin da falsafar ƙwanƙwance harshe da mantiƙi ta karɓe fage. W. V. O. Quine ya buɗe mata ƙofa a 1951, da ya nuna ba a gwada magana ita kaɗai, tare da maƙwabtanta take fuskantar gwaji. Malamin Gona ya san wannan: in fili bai yi ba, laifin na iya zama na iri, ko na taki, ko na tiyar awo. Richard Rorty ne ya tayar da ƙura a 1979, ya ce a daina ɗaukar hankali a matsayin madubin duniya, har ya kai ga cewa babu wata hujja da ta wuce abin da al'ummar masu magana suka karɓa. A ganina nan ya wuce gona da iri, kuma 'yan gidan ma ba su bar shi ba: Hilary Putnam da Susan Haack sun yi mashi raddi, Cheryl Misak ta koma ga Peirce. Robert Brandom ya kai ta fagen harshe a 1994, Cornel West kuma fagen adalci da matsalar baƙar fatar Amurka.

Batun addini, su kansu bakinsu bai zo ɗaya ba. James ya kare haƙƙin mutum ya yi imani, Dewey kuwa ya sa hannu a sanarwar 1933 ta masu ɗora komai a kan ɗan Adam. Don haka ba a haɗiye ta ɗungurungum. A Sahihu Muslim akwai hadisin barbarar dabino, inda Annabi (SAW) ya ce wa manoman Madina su ne mafi sanin al'amarin duniyarsu. Wannan fagen gwaji ne: iri, magani, dabarun koyarwa. Wasu na gwama ta da maslaha mursala ta Malikiyya, amma a yi hattara, maslaha tana aiki ne inda babu nassi kuma tana bin manufofin shari'a. Gwaji zai gaya maka ko taki na ƙara gero, ba zai halatta maka bashin riba na sayen takin ba.

A jarrabawa, jingina layin takardarku ga James, ka ƙara sharaɗin da shi da kanshi ya sa, wato ya yi aiki a tsawon lokaci kuma in an duba komai gaba ɗaya. Sai ka kawo sukar Russell, ka biyo da ma'anar gaskiya a wurin Peirce, da matakan Dewey biyar tare da misalin aji ukun da Malama ta bayar.