"Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi": ta hau kan hokin ƙanƙara kuwa?

Ɗan Kurmi: Jama'a ku taya ni, a NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, akwai wani lissafi wai shi Corsi, sunan wani tsohon kocin masu tsaron raga ne na ƙungiyar Buffalo, Jim Corsi. Duk bugun da ƙungiya ta yi wajen raga ake ƙirgawa, ko ya shiga, ko gola ya kama, ko ya wuce gefe, ko wani ya tare da jikinsa. Ni a ganina wannan ai sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi ke nan, Los Angeles Kings da irin wannan ruwan bugu suka ɗau kofin gasar, wato kofin Stanley, a 2012 da 2014.

Malam Sani Zariya: Ɗan Kurmi ka ɗan karkatar da maganar. Yawan da Bahaushe ke nufi na mutane ne masu haɗa kai, ba yawan harbi a iska ba. Wanda ya tsaya can wajen shuɗin layi, kusan ƙafa 60 daga raga, ya rinƙa narka bugu gola na kallonsa ƙuru-ƙuru, cikin ɗari da ƙyar biyu ko uku su shiga, wannan sunansa taron tsintsiya ba shara.

Ummu Hanif: Malam ka yi gaskiya amma kar a raina yawan fa. Toronto a kakar 2013-14 kusan kullum an fi su bugu amma suna ta ci, masu lissafi suna cewa abin nan ba zai ɗore ba mutane na musu dariya, ƙarshe suka sha kashi a 12 cikin wasanni 14 na ƙarshe, ko zagayen neman kofi ba su shiga ba.

Bala Direba: Hajiya to Carolina fa? Su ne sarakan yawan bugu, a 2023 Florida ta share su wasa huɗu a jere, golan Florida Bobrovsky ya tsaya a raga kamar katanga. Ina sarkin yawa ya shiga ranar?

Malam Sani Zariya: Yauwa Bala. Shi ya sa yanzu aka fi duba xG, wato ƙiyasin yiwuwar bugu ya shiga raga, kowane bugu ana ba shi farashinsa, daga ina aka buga, ta wace kusurwa, ko wanda gola ya amayar ne aka sake bugawa. Steve Valiquette, tsohon golan Rangers, ya nuna cewa in fasin ya ratsa tsakiya daga wannan gefe zuwa wancan kafin a buga, gola sai ya ja jiki da duk kayan nan nasa masu nauyi, kafin ya daidaita an riga an zura masa. Irin wannan guda ɗaya ya fi na nesa biyar.

Ɗan Kurmi: Na ji Malam, amma wanda gola ya amayar ɗin daga ina ya fito in ba a buga na farko ba? Masu jiran sai dama ta nuna lugub su ne ake ƙwace wa, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Ummu Hanif: Kai Ɗan Kurmi ka canza karin magana a tsakiyar muhawara, wannan ai magudi ne 😂