Mu huɗu za mu haɗa jarin sabulu, yaya ake raba riba?

Ummu Sadiya, Zariya:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu shiga harkar. Ni da yayata da wata ƙawata tun ta Islamiyya, sai gwaggonmu, za mu fara sabulun wanka na gida: man kaɗe da alayyadi, wani da kurkum, wani da garin darbejiya. Gwaggo ce ta fi kowa sa kuɗi, kwasar adashinta gaba ɗaya ta miƙo, amma ciwon ƙafa ba zai bar ta ta taɓa aikin ba. Ni na koyi haɗin, a tsakar gidana za a yi. Yayata za ta kai wa matan wurin aikinta, ƙawata kuma talla a WhatsApp.

Yaya ta ce a raba riba huɗu daidai, kada maganar kuɗi ta shiga tsakaninmu. Raina bai kwanta ba. Kuɗin Gwaggo ne a bakin wuta, kuma ba ta da wani bayan shi. Sannan sabulun gwajin da na yi yana ɗan cizon fata. Me ke jawo haka?

Maman Walida, Kano:
Wa alaikumus salam. Bari in fara da cizon, don in bai gyaru ba babu ribar da za a raba. Ko soda, wato sinadarin nan mai ƙuna da ake haɗawa da mai ya zama sabulu, ta yi yawa, ko ba ki bar shi ya nuna ba. Sabulun da ba a dafa ba yana buƙatar mako huɗu zuwa shida a inuwa, inda iska ke ratsawa, ana juya shi. Kuma ki bar awo da gwangwanin madara, ki sayi sikeli mai nuna giram. Kowane mai da sodar da yake ci: kilo ɗaya na man kaɗe kusan giram 128, manja kusan 141, man kwakwa ya haura 180. Idan kika canza mai ba ki canza awon soda ba, fatar mutane ce za ta biya.

Soda ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda. Safar hannu, tabarau, yara su yi nisa. Kada ki kusanci tukunyar alminiyam, soda tana cin ta. Ki yi amfani da roba mai kauri ko ƙarfe mara tsatsa (stainless).

Abu Hanifa, Gusau:
'Yar uwa, hankalinki ya gaya miki gaskiya. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, to rubutu tsakanin dangi ba rashin yarda ba ne. Tsarinku ya yi kama da ƙiradi: wani da dukiya, wani da aiki. A nan ana yanka rabo ne da kaso, kamar rabi ko sulusi na riba, ba a ce wa mai kuɗi "za ki samu kaza duk wata" ba. In an yi asara ba tare da sakaci ba, mai jari ya rasa kuɗinsa, mai aiki ya rasa wahalarsa. Gwaggo ta ji wannan da kunnenta kafin a sayi ko kwalbar turare. Tunda ku ma kun sa naku, ku zauna gaban malamin da ya san babin ciniki ya tsara muku, shaidu biyu su sa hannu.

Hajiya Mai Salo, Bida:
'Yata, na daɗe ina sabulun salo, kuma abin da na ga yana karya jari shi ne "ba ni ɗaya in gwada". Inna ta ɗauka, matar wa ta ɗauka, ana biki a saka guda ashirin a kayan amarya, kunya ta hana ki tambaya. Ku ware 'yan ƙanana na kyauta, sauran ko ke kika ɗauka ki rubuta ki biya.

Man kaɗe kuma ki sa ido. Ana algus, wasu na haɗa shi da wani mai. Mu nan damina ƙwarar ke zuba, lokacin ya fi sauƙi. Masu saye za su matsa miki ki sa sinadarin bilicin. Kada ki yarda, ko kasuwa za ta ragu.

Maman Walida, Kano:
Na manta: kafin ku buga suna a kwali ku kai shaguna, ku yi rajistar sunan a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sannan ku nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, sabulun wanka yana ƙarƙashinta. Kada ku rubuta "yana maganin ƙyasbi" a jiki, wannan iƙirarin magani ne.

Ummu Sadiya, Zariya:
Allah ya saka da alheri. Da gwangwani nake awo, gobe zan nemo sikeli. Ranar Juma'a za mu je wajen Gwaggo da takarda. Hajiya, don Allah yaya ake gane man kaɗen da aka yi wa algus tun a kasuwa?