Motar da aka mayar gas: a murɗa distiributa gaba ko a bar ta?

Habu Direba: Jama'a ku raba mu gardama. Fijo 504 ɗin da nake lodin Kano zuwa Kaduna da ita an sa mata gas na CNG, tana kuma shan fetur. Wani bakanike ya ce a murɗa distiributa gaba sosai, wuta ta riƙa tashi da wuri, wai za ta rage sha a dogon titi. Haka ne?

Oga Sale: Gaskiya ya faɗa maka. Gas ba ya cin wuta da sauri kamar fetur. In filogi ya makara, fistin ya riga ya sauka kafin ƙarfin ya iso, sauran wutar ta bi salansa. Shi ya sa mota ke yin nauyi, inji kuma ya yi ta ɗaukar zafi. Murɗa kawai.

Injiniya Kabiru: Oga, da girmanka, rabin maganar ka faɗa. Abin da ake nema shi ne ƙarfin fashewar ya kai ƙololuwa wajen digiri 15 na juyin inji bayan fistin ya wuce can sama. Gas na jure matsi, lambar oktan ɗinsa, wato ma'aunin wannan juriya, ta kai 120 zuwa 130, na fetur kuwa 90 da 'yan kai ne. To ranar da gas ya ƙare wa Habu bayan Zariya ya koma fetur fa? Tayimin, wato lokacin tashin wuta, na nan inda aka murɗa shi. Da ya taka totur zai wuce tirela da cikakken lodi, sai ya ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙarar ita ke cinye kan fistin da ringi.

Oga Sale: Ai sai ya ɗaga ƙafa. Direba ba kurma ba ne.

Malam Audu: Da gilashi a sauke da surutun fasinja wa zai ji? Ni dai Habu, kafin a taɓa komai buɗe bonet ka duba siririn tiyon da ya taso daga kafireta zuwa ɗan gwangwanin da ke jikin distiributa. A tafiyar titi, totur a ɗan buɗe, zuƙar iskar nan ce ke tura wuta gaba da wajen digiri 10 zuwa 15 a injuna da yawa, kana takawa da ƙarfi kuma ta saki. Aikin da kake nema kenan, kuma da shi motar ta fito daga kamfanin Fijo na Kaduna. Sau nawa na tarar an yanke tiyon an cusa masa kusa! Cire shi ka zuƙa da baki, in farantin da ke cikin distributa bai motsa ba, robar cikin gwangwanin ta fashe.

Injiniya Kabiru: Madalla, Malam. Bayan wannan akwai 'yar na'urar da ake haɗawa da kayan gas, tana tura wuta gaba in ana kan gas, ta mayar da ita in an koma fetur. A saita da fitilar tayimin a kan alamar fuli, ba da kunne ba.

Oga Sale: Injiniya, mun ji. Amma direban da ya ci bashi ya sa tukunyar gas, da me zai ƙara sayen na'ura? Habu, kawo ta gobe da safe mu gyara tiyon, in ɗan murɗa distributa gaba kaɗan, mu hau titin Zariya da fetur a ciki mu saurara. In ta yi ƙara in mayar.