Hutu ya zo aljihu ba nauyi, ina zan kai yara?

Maman Ummi, Garwa:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. An rufe lekol, wato makaranta, tun Yuni sai Satumba za a koma, yarana uku, babbar shekara 8, autan 3. Maƙwabtanmu sun tafi Yawunde hutu, tun ranar Ummi ke tambayata mama mu ina za mu, wallahi abin ya tsaya min a rai, babansu yana ƙoƙari amma kuɗin rajista da littattafai na nan tafe ba zan ɗora masa wani nauyi ba. Me kuke yi da naku wanda ba sai an kashe kuɗi sosai ba kuma yaro ya girma yana tunawa?

Baban Sadiku, Marwa:
Wa alaikumus salam Maman Ummi. Ke da kike Garwa ai kin fi mu wuraren zuwa. Ran Lahadi ki ɗebe su ku tafi kasuwar Pitowa, ba nisa, ki ba kowa sefa 100 a hannunsa ki ce ya sayi abin da ransa ke so ya yi cinikin da bakinsa. Ni haka nake wa nawa a kasuwar nan tamu, Sadiku ya taɓa tsayawa ya fi minti goma yana taya wata 'yar tukunyar ƙasa, har yau tana kan taga, ta fashe mun liƙe ya ƙi a yar. Da rani kuma kogin Mayo Kaliyawo muke sauka idan ya ƙafe, yashi ne zalla, su yi langa su tona rami har su ga danshi ya fito, mu dawo kafin magariba da ƙura har gira.

Hajiya Kaka, Ngaundare:
'Yata ki kwantar da hankalinki. Na raini 7, yanzu jikoki nake raino, kuma in suka taru da sallah ba wanda ke zancen kayan da aka saya masa, zancensu kullum daren da wuta ta ɗauke na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na gasa masara a kurfoti, na ce ga ta nan ga ta nanku suka ce ta zo mu ji ta. Babban ɗana mai furfura yanzu har kwaikwayon yadda nake tsamin baki irin na Gizo yake yi wa 'ya'yansa. Damina ce ai, masara da gyaɗa ɗanya na shigowa, ki sa Ummi ta ɓare, na tsakiyan ya riƙe mafici, autan ko gishiri ne a ba shi ya riƙe kada a ce ya yi ƙanƙanta. Kuma ki ajiye wayar nan a ɗaki, wannan na fi so ki ji, yara sun san lokacin da jikinki ne kawai ke wurin. Nan in na ga sun dame ni tasha nake kai su da yamma su kalli jirgin ƙasa mai zuwa Yawunde, ɗaga hannu kawai suke yi su dawo suna ta labari.

Abu Fatime, Njamena:
Duk na yarda amma a kula da maganar ruwa. Mu nan kogunan Shari da Logon na cika daga Agusta zuwa gaba, Binuwai ma haka, ga dorina a wajenku. In za ku kallon kogi ku tsaya nesa hannun ƙaramin a naki, kar a sa su kwalekwale don daɗi. Kuma Hajiya hirar tsakar gida a wannan lokacin sauro fa, a gama da wuri a shiga gidan sauro.

Maman Ummi, Garwa:
Allah Ya saka da alheri, Hajiya Allah Ya ƙara girma. Jiya muka gwada masarar, babansu ya dawo ya same mu ya zauna, ashe ya iya tatsuniya ban taɓa sani ba shekara 10 da aure. Autan ya yi barci da totuwa a hannu. Pitowa sai wannan Lahadin in Allah Ya kai mu, Ummi ta riga ta ce awarwaro za ta saya.