Kasalar bayan Azahar: laifin teba ne ko na rashin barci?

Alhaji Sani, Mile 12: Assalamu alaikum jama'a. Ni dai na tsaya a kan cewa abincin Ikko ne ke kashe mana jiki. Yarona mai tsaron albasa, da ya haɗiye malmalar teba biyu bayan Azahar, sai ka tarar ya jingina da buhu baki a buɗe, mai saye na ta sallama. A gida tuwon dawa muke ci mu koma gona. Teba ce ke janye jini daga ka ya koma ciki.

Malam Habu, Agege: Wa alaikumus salam. A gafarce ni Alhaji, a gida ma idan rana ta take wa ke riƙe da fartanya? Gindin bishiya kowa ke nema, shi ya sa muka san ƙailula.

Hajiya Binta, ma'aikaciyar jinya, Idi-Araba: Alhaji, maganar jinin nan ta daɗe a bakin mutane, amma ba haka take ba. Gaskiya ne jinin da ke zuwa hanji yana ƙaruwa bayan an ci, sai dai ƙwaƙwalwa ba ta yarda a taɓa rabonta. Jijiyoyinta na buɗewa su tsuke da kansu don kada ya ragu. Akwai agogo a jikin ɗan Adam da ke rage kuzari wajen ƙarfe 1 zuwa 3 na rana, ko an ci ko ba a ci ba. Da azumi ba ku gyangyaɗi a sahu bayan Azahar?

Alhaji Sani: Wannan ai yunwa ce, Hajiya.

Musa, Ikorodu: Baba Alhaji, a tambayi yaron ƙarfe nawa yake tashi. Ni 4 na asuba nake fita don in riga cunkoso, ba na dawowa sai 10 na dare, kafin in kwanta 11 ta wuce. Ranar Lahadi da nake ramuwar barci, tebar nan dai nake ci, kuma garau nake yini.

Hajiya Binta: Ka taɓo inda ke ciwo, Musa. Baligi na bukatar awa 7 ko fiye, kai kana yin ƙasa da 5. Bashi ne, kuma da rana jiki ke zuwa karɓa.

Alhaji Sani: To kun wanke teba ke nan?

Hajiya Binta: A'a, tana da nata kason. Teba, sakwara, farar shinkafa, burodin Agege, a kora da lemon kwalba, duk suna ɗaga sukarin jini da sauri. Idan ya hau, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu fitar da sinadarin oreksin, wanda ke riƙe mutum a farke, sai su lafa. Amma yawan abin da aka ɗura ya fi sunan abincin tasiri, balle in ya sha manja. Tuwon shinkafarmu ma haka yake yi. A rage malmala ɗaya, a ƙara wake ko kifi da ganye, a ɗan taka na minti 10 bayan an ci.

Malam Habu: Ai Manzon Allah (SAW) ya raba mana ciki uku: na abinci, na abin sha, na numfashi. Mu kuwa ba ma karyawa sosai, sai mu haɗa na safe da na rana a kwano ɗaya.

Hajiya Binta: Abin da ke damuna shi ne wanda kasalar ba ta sakinsa kullum, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari da dare, ga rama. Wannan ya je a auna masa sukari da safe kafin ya sa komai a baki. Idan awon ya kai 126 mg/dL ko ya haura, a maimaita, a ga likita. Na ga mutanenmu da yawa da suka yi ta jefa goro a baki suna cewa gajiyar kasuwa ce, sai da gyambon ƙafa ya ƙi warkewa suka zo. Mata kuma a duba ƙarancin jini.

Alhaji Sani: Teba dai ban sake ta ba, Hajiya. Amma fitsarin daren nan, ni kaina sau uku ko huɗu nake tashi. Ko shayi ba za a sha ba kafin awon?

Hajiya Binta: Ruwa kawai, Alhaji, na awa 8. Ka tafi da yaron ma.