Ina neman fina-finai masu kyau daga kowane fanni, har da na kallo da iyali

Ɗan_Kurna:

Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'abota kallo. Ina so in tara fina-finai kamar 20 a filas ɗaya, amma kada su zama duk na faɗa. Ina son na tarihi, na bincike, na ban tsoro, na barkwanci, da waɗanda za a zauna da yara a falo a kalla ba tare da hannu yana kan rimot ba. Ko na wace ƙasa ne ba damuwa. Don Allah ku riƙa haɗawa da shekara, domin suna ɗaya kan hau fim biyu ko uku, kuma in fim yana da kwafi fiye da ɗaya ku faɗi wanda za a nema. Talabijin ɗin da za a kalla a kai ta kwana biyu, ta filas kawai take karantawa.

Malam_Sidi:

Wa alaikumus salam. Bari in ɗauki ɓangaren tarihi.

Ka fara da fina-finai biyu na Moustapha Akkad. The Message na 1976 sau biyu aka ɗauke shi, da 'yan wasa daban: na Turanci, inda Anthony Quinn ya fito a Hamza, da na Larabci, Ar-Risala, inda Abdullah Gaith ya hau wannan matsayin. Wato na Larabcin ba murya aka ɗora masa ba, fim ne mai zaman kansa, kuma ya fi na Turancin tsawo. In akwai mai jin Larabci a gidan, shi za ka nema, don maganganun sun fi zama daram a bakin 'yan wasan. Ba a nuna Manzon Allah (SAW) ba, ba a kuma sa muryarsa ba. Duk da haka a gaya wa yara cewa fim ba littafin sira ba ne, an taƙaita abubuwa da yawa.

Na biyu Lion of the Desert, kan Umar Mukhtar da yaƙinsa da Italiya a Libiya har zuwa rataye shi a 1931. Kusan awa uku ne. Ƙarfinsa ba a harbe-harbe yake ba. Ka lura da yadda aka nuna dabarar Janar Graziani: ya tara mutanen karkara a sansanoni, ya ja waya mai ƙaya a kan iyakar Masar, ya yanke wa mayaƙan abinci da makamai. Wanda ya gane wannan ya gane dalilin da ya sa aka ci su.

Na uku Kingdom of Heaven na 2005, kuma a nan ne maganar kwafi ta fi muhimmanci. Wanda aka nuna a sinima minti 144 ne. Kwafin da darakta Ridley Scott ya fitar daga baya ya haura awa uku. A gajeren an cire labarin ɗan Sibylla, 'yar'uwar sarkin Ƙudus, gaba ɗaya, shi ya sa za ka ga matar ta sauya hali a tsakiyar fim ba dalili, har mutane su ce labarin bai haɗu ba. Ka duba tsawon fim ɗin kafin a tura maka: in bai kai awa uku ba, ba shi ba ne. Ghassan Massoud ya yi Salahuddin yadda ya kamata. Amma zancen cewa Balian, jarumin fim ɗin, maƙeri ne ƙirƙira ce. Yaƙin Hattin da miƙa Ƙudus a 1187 su ne tarihi. Akwai jini sosai da wata fitowa ta soyayya, don haka na manya ne.

Maman_Hanifa:

Ɗan'uwa, na iyali ka nufi Iran kai tsaye. Children of Heaven na Majid Majidi, 1997, bai cika awa ɗaya da rabi ba. Yaro ya ɓatar da takalmin ƙanwarsa, suna tsoron faɗa wa iyayensu saboda babu kuɗin wani, sai suka koma karɓa-karɓa da takalmi ɗaya: ita makarantar safe, shi ta rana. Babu wurin da za ka tsallake. Yaran da ba su iya karanta fassarar ƙasan allo ba ma suna bin labarin, don fuskoki ne ke magana.

Ka ƙara da The Boy Who Harnessed the Wind na 2019, labarin gaskiya na William Kamkwamba na Malawi, wanda ya haɗa injin iska da tarkacen keke a lokacin yunwa. Yana da wuraren da ke da nauyi, 'yan ƙasa da shekara 10 za su buƙaci bayani. Sai Taare Zameen Par na 2007, kan yaron da haruffa ke rikice masa ana ce masa malalaci. Wannan iyaye da malaman firamare ya fi yi wa amfani.

Abin da zan ja kunnenka a kai: kada ka yarda da cewa duk fim ɗin Indiya mai ban dariya na yara ne. 3 Idiots na 2009 yana da kyau ƙwarai, amma akwai kisan kai a ciki da zolaya irin ta ɗakin kwanan samari. Ka fara kallonsa kai kaɗai. Haka katun: wasu don manya aka yi su.

Na ku manya bayan yara sun kwanta, A Separation na Asghar Farhadi, 2011. Mata da miji a gaban alƙali, tsoho mai ciwon mantuwa, 'yar aiki mai juna biyu, da rantsuwa da Alƙur'ani. Kowa a fim ɗin yana da gaskiyarsa kuma kowa ya ɓoye wani abu. Kada a kalle shi ana hira, domin jimla ɗaya da aka faɗa a gidan ita ce shari'ar ke juyawa a kanta daga baya.

Sifu_Gwammaja:

Ka ce kada su zama duk na faɗa, to amma a sa huɗu masu kyau. Ma'aunin fim ɗin faɗa shi ne kyamara: in tana ja baya kana ganin jikin mutum biyun daga kai har ƙafa, kuma ba a yanka hoton kowace daƙiƙa, 'yan wasan sun iya. In ana girgiza kyamara ana yanka-yanka, ɓoye rashin iyawa ake yi.

The 36th Chamber of Shaolin, 1978, Gordon Liu. Mafi yawansa horo ne, ɗaki bayan ɗaki, kuma shi ne daɗinsa. Fist of Legend, 1994, Jet Li. Ip Man na farko, 2008, Donnie Yen. Sai Drunken Master II na Jackie Chan, 1994, kada ka haɗa shi da na 1978. Kwafin da aka fitar a Amurka a 2000 an sauya masa kiɗa an ɗora muryar Turanci, ka nemi mai harshen Kantonis na asali. The Raid na Indonesiya, 2011, ya fi su duka zafi, amma jininsa ya yi yawa, ko kusa da falo kada ya je.

Barkwanci kuma yana da matsala ɗaya: wanda aka gina kan magana yakan mutu a fassara. Hera Pheri na 2000 mai jin Hindi ne ke cin moriyarsa sosai. Don haka ka ɗauki wanda jiki ke yi: The Kid na 1921 da Modern Times na 1936, duka na Charlie Chaplin, kaka da jika za su yi dariya tare. Shaolin Soccer na 2001 ma haka, sai dai kwafin Amurka an zaftare masa sama da minti 20. Cikakken ya kusa awa biyu.

Ɗan_Damagaram:

Sannunku da ƙoƙari, amma har yanzu ba a ambaci namu ba, kuma akwai waɗanda suka cancanci shiga kowane filas.

Shaihu Umar na Adamu Halilu, 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da Hausa aka yi shi, malami yana ba almajiransa labarin yadda aka raba shi da mahaifiyarsa aka ƙetare sahara da shi. An gyara hotonsa an nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018, to gyararren za ka nema. Tafiyarsa a hankali take, kada ka zo masa da gaggawar fim mai dogon zango na yanzu. Ka saurari Hausar da ake yi a ciki, ka dubi sutura da zaman fada.

Sarraounia na Med Hondo, 1986, daga littafin Abdoulaye Mamani: Sarauniyar Lugu ta Nijar da ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. Ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Burkina Faso, a 1987. Malam Sidi, wannan ya kamata ya zauna kusa da Lion of the Desert ɗinka, don ɓarnar da wannan runduna ta yi a ƙasar Hausa aka yi ta, ba a wata uwa duniya ba.

Na kusa-kusa, The Milkmaid na 2020, da Hausa da Fulatanci da Larabci, an ɗauke shi a Taraba, Maryam Booth na ciki. 'Yan'uwa mata biyu ne da 'yan tada ƙayar baya suka sace, kowacce da inda zuciyarta ta karkata. Sai Timbuktu na Abderrahmane Sissako, 2014, da Daratt na Mahamat-Saleh Haroun daga Cadi, 2006, inda saurayi ya je ɗaukar fansar mahaifinsa ya ƙare yana koyon gashin burodi a hannun wanda ya kashe shi. Duka ukun na manya ne.

Malam_Sidi:

Gaskiyarka Ɗan Damagaram, Sarraounia ya shiga. A ƙara The Battle of Algiers na 1966 su zama uku a jere.

Injiniya_Bala:

An bar bincike da ban tsoro, ga kuma maganar talabijin.

Bincike: 12 Angry Men na 1957, minti 96, baƙi da fari. Akwai na 1997, ba shi nake nufi ba. Mutum 12 a ɗaki ɗaya za su yanke hukuncin kisa, 11 sun ce a kashe, ɗaya ya ce a tsaya a sake duba shaidu. Sai Kahaani na 2012, Vidya Balan tana neman mijinta a Kolkata, da Drishyam. Kada ka karanta sharhin ko ɗaya kafin kallo.

Ban tsoro: Under the Shadow na 2016, da Farisanci, uwa da 'yarta a Tehran lokacin yaƙin Iran da Iraƙi, ga makamai masu linzami ga aljanu. Zai fi kama mu fiye da na fatalwar Turawa, don abin da ake tsoro a ciki mun san shi. Train to Busan na Koriya, 2016, gudu ne daga farko har ƙarshe. A Quiet Place na 2018 kuma da maganar kurame ake yawancin zancen, in babu rubutun fassara rabin labarin ya wuce ka, in kuma janareta na ruri a bayan taga an kashe fim ɗin, don shiru ne makaminsa.

Yanzu talabijin. Abu huɗu ne ke ba mutane ciwon kai.

Tsohuwar talabijin yawanci tsarin bidiyo na H.264 take ganewa. In sunan fayil yana ɗauke da x265 ko HEVC, za ta ce ba ta san shi ba, ko ka ji sauti babu hoto. Ka nemi x264, a MP4, mai 720p. Fim na awa biyu a haka yakan kama wajen gig 1, don haka filas mai gig 32 zai ɗauki guda 20 har da saura. Na ban tsoro ne kawai ban yarda a matse su ba: fayil mai meg 300 yana farfashewa a wuraren duhu, sai ka ga dabbare-dabbare maimakon abin da ke cikin duhun.

Filas mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gig 4, ko da akwai sarari da yawa a cikinsa. Tsofaffin talabijin kuma da yawa ba sa karanta exFAT. Mafita ita ce kowane fim ya tsaya ƙasa da gig 4.

In hoto na tafiya babu sauti, galibi sautin DTS ne, ka nemi mai AAC. In kuma kiɗa da harbi suna fasa kunne amma magana ba ta fita, sautin 5.1 ne aka matse cikin lasifika biyu, don magana a lasifikar tsakiya take. Kwafi mai sauti 2.0 yana magance wannan.

Rubutun fassara: fayil ɗin srt ya zauna a folda ɗaya da fim, sunansu iri ɗaya harafi da harafi. In rubutun yana gaba ko baya da tazara ɗaya tun daga farko har ƙarshe, a manhajar kallo ta VLC a kwamfuta maɓallin G da H suna matsar da shi, kowane danni kashi 1 cikin 20 na daƙiƙa. In kuwa ya fara daidai sannan tazarar tana ƙaruwa, kada ka wahalar da kanka: an yi shi ne don kwafi mai hoto 25 a daƙiƙa, naka kuma 23.976 ne, a fim na awa biyu bambancin ya kai minti 5. Haka in fassarar gajeren Kingdom of Heaven ka ɗora wa dogon. Wani fayil ɗin za ka sauko da shi.

Ɗan_Kurna:

Allah ya saka da alheri, na rubuta duka. Injiniya, Drishyam biyu na gani, wanne? Kuma mai fassarar Hausa zai wadatar?

Injiniya_Bala:

Na asali shi ne na Malayalam, 2013, Mohanlal, daraktansa Jeethu Joseph. Na Hindi na 2015 ne, Ajay Devgn da Tabu, an mayar da labarin Goa. Ƙashin labarin ɗaya ne: mai sana'ar haɗa tashoshin talabijin da bai wuce aji huɗu ba yana kare iyalinsa da dabarun da ya koya a kallon fim. Na fi ba ka shawarar na Mohanlal, don ya fi kama da talakan da ba wanda zai zarga, kuma a kan haka dabarar ta tsaya. Kusan awa ɗaya na farko zaman gida ne kawai, kada ka tura gaba, duk abin da aka shuka a nan za a girbe shi a gaban 'yan sanda.

Fassarar Hausa tana da daɗi a fim ɗin faɗa da na barkwanci. A na bincike kuwa ranaku da ƙananan kalmomi su ne komai, kuma mai fassara kan ƙara nasa zancen, wani lokaci muryarsa ta danne sautin asali. Ka fara da na asali mai rubutu a ƙasa, in ka so ka maimaita da na Hausa. Kowannensu yana da kashi na biyu, na Malayalam 2021, na Hindi 2022, kada ka haɗa na farkon wannan da na biyun wancan, sunayen mutanen ma ba ɗaya ba ne. Kuma tushen rikicin hoton yarinya ne da aka ɗauka a ɓoye tana wanka, don haka ka sa shi a foldar manya.